Kayan ɗaki na hannu: Yadda iyaye a Kankiya da Kusada ke fita kunyar aurar da 'ya'ya

Duk uban da ya sa wa 'yarsa ranar aure a Kankiya ko Kusada ya san lissafin da ke hana barci: gado da katifa, wadirob, madubi, kujeru, labule, leda ko kafet, sannan kayan kicin. A al'adar wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, ango ne ke neman muhalli ya haɗa lefe, amma cika ɗakin yana wuyan iyayen amarya.

Ranar da 'yan jere suka gama aikinsu, mata za su yi ta shiga ganin ɗaki. Abin da suka gani shi za a yi ta maimaitawa a unguwa har wata guda. Tsoron wannan rana ya sa magidanta da dama suka sayar da shanun huɗa, wasu suka jinginar da gona, wasu kuma suka ɗaga biki sau biyu ko uku.

A 'yan shekarun nan wata hanya da a da ake bi a ɓoye ta fara fitowa fili, wato sayen kayan ɗaki na hannu, a gyara su, a kai wa amarya ko a sa a gida.

Abin da ya tura mutane

Ba sha'awa ce ta kawo wannan sauyi ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake canzawa kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Kafinta yana jin waɗannan alƙaluma a jikinsa fiye da yawancin masu sana'a. Mafi yawan gadaje da wadirob na zamani ba da zallar katako ake yin su ba. Da allon garin katako ake yi, wanda aka matse da gam, kafintoci na kiransa MDF, kuma akasarinsa daga waje ake shigo da shi. Haka hinjis, da marikin ƙofa, da yadin kujera, da sinadaran da ake yin soso da su. Dala ta motsa, su ma sun motsa.

Katakon kansa daga kudu yake zuwa, ya sauka a manyan kasuwannin 'yan katako irin ta Na'ibawa a Kano, kafin a sake loda shi a mota ya biyo hanyar Bichi da Tsanyawa zuwa Kankiya. Kowace tafiya da kuɗin manta, kuma mai saye ne ke biya a ƙarshe.

A ɗaya ɓangaren, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, gwamnatin Dikko Umaru Radda ma ta amince da biyansa a Jihar Katsina. Sai dai yawancin mutanen Kafinsoli, Rimaye, Gyaza, Yashe ko Mawashi ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Manoma ne da 'yan kasuwa da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda kuɗi ke shigo musu da kauri sau ɗaya a shekara, bayan kaka. Ko ma'aikacin da ke karɓar wannan albashi, idan ya cire abinci da kuɗin makaranta da na magani, abin da ya rage ba zai sayi sabon saitin gado a wata uku ko huɗu ba.

Daga ina kayan ke fitowa?

A Turai da Amurka akwai shaguna na musamman da ƙungiyoyin agaji ke gudanarwa, mutane su kai kayan da suka gama da su kyauta, a sayar da araha, kuɗin ya tafi aikin taimako. Goodwill ta fara a birnin Boston a 1902, Emmaüs kuma a Faransa a 1949. A Kankiya da Kusada cinikin ba a irin wannan shago yake ba. Kasuwar a warwatse take: a bakin rumfar kafinta, a zauren dillali, a cikin gida wajen dillaliya, yanzu kuma a hotunan da ake sakawa a WhatsApp da Facebook.

Akwai kuma wani bambanci da kayan gwanjo na sawa. Riga da takalmi da jaka suna zuwa ne a dila daga ƙasashen waje. Kayan ɗaki kuwa suna da nauyi, suna cin wuri, sannan a baya sun daɗe a jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su. Don haka gadon da aka gani a bakin titi a Kankiya, kusan a kullum daga wani gida ya fito, ko a garin, ko a Katsina, ko a Kano.

Wani daga gidan masu hali ne da suka sauya kaya saboda an yi sabon yayi. Wani na ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ne, ya ga kuɗin mota ya kusa kuɗin kayan. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da 'yan bautar ƙasa su ma duk shekara suna barin katifu da tebura da kujerun roba idan sun gama. Akwai kayan gado da magada suka sayar domin a raba kuɗin.

Mafi yawa kuma, kuma mafi ban tausayi, kayan matan da aurensu ya mutu ne. Kayan ɗaki mallakin mace ne, ba na miji ba. Idan aka rabu, danginta kan zo da a-kori-kura su kwashe. A gidan iyaye sau da yawa babu ɗakin da zai ɗauke su, sai a jibge a zaure ko a rumfa, rana ta doka, ruwa ya taɓa. Bayan 'yan watanni uwa za ta kira dillaliya ta ce a nemi mai saye kafin su lalace gaba ɗaya. Wata da kuɗin take kama sana'a, wata kuma da shi za a yi cikon kayan auren ƙanwarta.

Matsalar tsaro ma ta ƙara nata. Iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukansu a sassan jihar sukan koma ɗakin haya guda a gari, abin da bai shiga ɗakin ba sai a sayar.

Dillaliya da kafinta

Ginshiƙin wannan kasuwa ita ce dillaliya. Tana shiga gida-gida, ta san wadda za ta aurar da 'ya bayan Sallah, ta san wadda ke neman kuɗin magani. Babban abin da take sayarwa shi ne rufin asiri. Mai sayarwa ba ta son a san ta sayar da gadonta, mai saye ba ta son a san na hannu ta saya. Dillaliya ce ke tsayawa a tsakani, wani lokaci ma kayan da dare ake fitar da su. Ladanta la'ada ce, amma ba boyayyen abu ba ne cewa wasu kan ɗora wani abu a kan farashin da mai kaya ta faɗa. Shi ya sa masu wayo kan nemi a haɗa su da mai kayan ko da ta waya ce kafin su biya.

Kafinta kuma yana da hanya biyu. Ko ya sayi tsohon saiti da kansa, ya kankare, ya sake fenti, ya sa sababbin marika, ya ajiye a bakin rumfa. Ko kuma a yi musanye: uwa ta kawo gadon da ta yi shekara goma tana kwana a kai, a kimanta shi, ta yi ciko, a ba ta wani. Iyaye mata da yawa ta wannan hanya suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, su kuma su koma kan katifa a ƙasa. Ba a cika faɗin wannan a wajen biki ba.

A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido, domin sabon fenti yana rufe abubuwa da yawa.

Tsohon katako ya fi sabon allo

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a kayan ɗaki tsufa ba kullum yake zama aibi ba. Gadon da aka yi shekara ashirin da suka wuce da katakon madaci, idan gara ba ta taɓa shi ba, zai iya binne sabon gadon MDF guda biyu. Katako na gaske ana kankare shi, a cike ramukansa, a sake masa fenti ya dawo kamar jiya aka yi shi. Ana kwance shi a ɗaura sau da yawa bai ce komai ba.

Allon MDF ba haka yake ba. Yana da kyan gani, ya fi santsi, shi ne ma ake yi wa adon zamani mai sheƙi. Amma ruwa ne ajalinsa. Idan ɗaki yana tsattsafo da damina, ko ana wanke daɓe ruwa na taɓa ƙafar wadirob, sai gindin ya kumbura ya fara zubar da gari, kuma ba ya komawa. Ramin da aka ɗaura kusa ko noti a cikinsa, da zarar an kwance sau ɗaya ko biyu, ya buɗe ke nan. Kayan hannu kuwa dole an kwance su aƙalla sau ɗaya kafin su iso wajen mai saye, za kuma a sake ɗaurawa a ɗakin amarya.

Gane bambancin ba ya buƙatar zama kafinta. A leƙa bayan wadirob da ƙarƙashin gado, inda ba a yi fenti ba. Katako yana da jijiya da layi-layi, MDF kuwa kamar dunƙulen gari yake, launinsa ɗaya. A ƙwanƙwasa da yatsa: wurin da gara ta cinye ta ciki yana amsawa kamar ganga. Idan aka ga ƙananan huji da gari mai laushi a ƙasa, ƙwaro na cikin katakon yana aiki, kuma zai bi kayan har sabon gida. A girgiza gadon daga kusurwa, a buɗe kowace ƙofa da kowace durowa. Wanda ya je da kafintan da ya yarda da shi, ba wanda ke sayar da kayan ba, ɗan abin da zai ba shi na shan ruwa ya fi asarar da zai tafka.

Kujerun kushin sun fi wuyar sha'ani, saboda komai nasu a rufe yake. Sabon yadi na iya zama a kan ruɓaɓɓen soso da karyayyen katako. A zauna a kowace kujera, a ɗaga ta a ji nauyinta, a kifa ta a duba ƙasa. Idan ƙashin kujerar mai kyau ne, sayenta da tsohon yadinta a kai wa mai kushin ya sake mata soso da yadi a gaban idon mutum ya fi sayen wadda aka riga aka lulluɓe.

Akwai kuma tsohon gadon ƙarfe mai rumfa, irin wanda iyaye da kakanni suka yi aure da shi a zamanin jeren kwalla da tasa. 'Yan mata yanzu ba sa so, amma ga ɗakin yara ko na baƙi, mai walda da gwangwanin fenti ɗaya sun ishe shi.

Katifa da kuɗin cizo

Idan akwai abu ɗaya da bai kamata a saya na hannu ba matuƙar da hali, katifa ce. Soso yana mutuwa, kuma mutuwarsa ba ta gyaruwa. Yana shan gumi da fitsarin yara da duk abin da ya zuba a kansa tsawon shekaru. Wasu marasa tsoron Allah kan ɗinka wa tsohon soso sabuwar riga mai ɗauke da sunan sanannen kamfani su sayar a matsayin sabuwa. Hanya mafi aminci ita ce a rage kuɗi a kan gado da wadirob, abin da aka samu a kai wa dilan kamfani irin Vitafoam ko Mouka a sayi sabuwar katifa ko da ba mai tsayi sosai ba ce.

Babban abokin tafiyar kayan hannu shi ne kuɗin cizo. Yana ɓuya a ɗinkin katifa, da mahaɗar katako, da ramin noti, kuma yana iya yin watanni bai sha jini ba yana nan da rai. Alamarsa ƙananan ɗigo baƙaƙe a lungunan gado. Ba ruwansa da talauci ko ƙazanta, a 2023 birnin Paris kansa ya sha fama da shi har maganar ta kai majalisa.

Zafi ne ke kashe shi. A kwance gadon gaba ɗaya a tsakar gida kafin a shigar da shi ɗaki, a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗar ƙarfe da ta katako mai ƙwari, ban da MDF, a shanya a rana kwana biyu ko uku ana juyawa. Ranar bazara a Katsina ta isa ta taimaka, ko da yake ita kaɗai ba ta cika kai wa ƙwan da ke can cikin lungu ba, shi ya sa ake maimaitawa bayan mako ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi kuɗin cizon haɗari shi ne maganin da wasu ke sa masa. Fiya-fiya da Sniper guba ne masu ƙarfi, tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da ake rasawa. Mafi muni shi ne ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake ko masara don kashe ƙwari. A garin manoma irin Kusada ana samunta cikin sauƙi, kuma iskar da take fitarwa a rufaffen ɗaki tana kashe mutum, ba ƙwaro kaɗai ba. Bai kamata ta kusanci ɗakin kwana ba ko da babu kowa a ciki, domin iskar na ratsawa zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka.

Lokacin saye da kuɗin da ba a lissafawa

Farashi a wannan kasuwa yana bin kalandar noma da ta aure. Daga kaka zuwa hunturu, da kuma makonnin da ke gaban azumi, bukukuwa na yawa, kafintoci ba sa samun sukuni, na hannu ma sai ya yi tsada. Da damina ta faɗi lamarin ke juyawa: masu neman kuɗin taki da na ƙwadago suna fitar da kaya, masu saye kuma sun yi ƙaranci. Uban da ya san zai aurar da 'ya a watan Disamba, idan yana da wurin ajiya mai bushewa, a Yuni ko Yuli ya kamata ya fara nema.

Sai dai arahar damina arahar matsuwa ce. Wadda ke sayar da wadirob ɗinta a lokacin ba don ta gaji da shi ba ne. Taya kaya da rabin darajarsu don an ga mai su a ƙuntace ciniki ne da shari'a ba za ta warware ba, amma a gari irin Kankiya, inda kowa ya san kowa, ba a mantawa da shi.

Masu zuwa Kano ko Katsina neman zaɓi mai yawa sukan manta da kuɗin mota. Saitin da ya yi araha a Kano, idan aka haɗa da kuɗin a-kori-kura, da na masu lodi, da na kafintan da zai ɗaura, da madubin da zai iya fashewa a hanya, wani lokaci ya kamo na gida. Kafin a biya kuma a auna ƙofar ɗakin da faɗinsa. Gado shida da shida da aka yi wa gidan birni ba kowane ɗakin ƙauye yake shiga ba, an sha yanke kan gado a ƙofar gida ranar jere.

Sai batun asalin kayan. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code, kuma a yankin da ake fasa gidajen da mutane suka gudu suka bari, tambayar daga ina kaya suka fito ba rashin kunya ba ce. Haka idan miji ne ya fito da kayan ɗaki zai sayar, a tabbatar matar ta sani ta kuma yarda, tunda nata ne. A yi cinikin gaban shaidu, a rubuta a takarda ko da ta littafin makaranta ce. Wanda ya ga kaya a hoto a waya kuma kada ya tura kuɗi sai ya gani da idonsa ya taɓa.

Abin da addini ya ce, da abin da mutane ke cewa

Malamai sun daɗe suna jan hankali cewa nauyin da iyaye ke ɗora wa kansu al'ada ce. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, abin da ke kan mace shi ne ta yi kayan ɗaki gwargwadon al'ada da sadakin da ta karɓa. Ba a ce uba ya sayar da gonarsa ba. Matsalar ita ce sadakin da ake bayarwa a yau sau da yawa ko katifa mai kyau ba zai saya ba, tazarar kuma iyaye ne ke cike ta da adashi da gudummawar biki da bashi.

Gwamnatoci ma sun san a nan gizo ke saƙa. Lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800 a Kano a watan Oktoban 2023, ba sadakin naira 50,000 kawai ta biya ba, har da gado da katifa da sauran kayan ɗaki ta raba, domin su ne ke tsayar da auren marasa ƙarfi.

Duk da haka gorin bai mutu ba. Har yanzu akwai dangin miji da ke shafa jikin gado su duba bayan wadirob, akwai kishiya ko facala da za ta ajiye maganar sai ranar faɗa. Wasu iyayen ma suna ƙin kayan wadda aka saka saboda camfin kada abin ya bi 'yarsu, shi ya sa dillaliya ba ta cika faɗin gidan da kaya suka fito ba sai an matsa mata.

Saboda haka yawancin masu saye a Kankiya da Kusada raba ƙafa suke yi. Abin da ido ke fara sauka a kai, wato zanen gado, labule, leda da kwanukan jere, sai a saya sabo. Gado da wadirob da madubi kuma a nemo na hannu, a kai wa kafinta ya yi musu fenti iri ɗaya su zama saiti. Kujeru, idan kuɗi bai kai ba, a bar su sai bayan suna na fari.